Ruwan Tokar da Ya Tafi Gassi

Abin da zan ba da labarinsa ya kwana biyu, kuma ban gama yarda da ƙwaƙwalwata ba. Wasu maganganun suna kunnena kamar yanzu aka faɗe su. Wasu kuwa mai yiwuwa na cike gurbinsu da abin da na ji a bakin mutane daga baya. Inda nake shakka zan faɗa.

Na rubuta ne saboda 'yan matan da ke sallama a gidana na unguwar Moursal, a nan N'Djamena, da waya a hannu. Sai su nuna mini wata mata tana zuba abu uku a roba, ta juya, ta yi murmushi, wai ga sabulun wanki na gida, babu sinadari. Su ce, "Tanti Zuwaira, koya mana, ai yini ɗaya ya isa." Nakan ce su dawo da sassafe su tankaɗe toka. Akasarinsu ba sa dawowa, ban kuma ga laifinsu ba. Amma ban taɓa gaya musu labarin ranar da ruwan tokana ya fita daga gidan nan a jakar gwaggona, ya nufi ɗakin mai jego ba. Ina ganin ya kamata su ji shi kafin su sayi roba.

Ba sha'awa ce ta kawo ni sana'ar ba. Na gama lisans, wato digirin farko, a fannin kimiyyar halittu, ina zaman jiran aikin da bai zo ba, sai fatar 'yata Nana ta lalace. Maigidana Sabo mahauci ne, haka mahaifinsa, haka nawa. Wanda bai taɓa wanke rigar mahauci ba bai gama sanin wanki ba: jini ya bushe, kitse ya kama zare, ga ƙarni. Da garin sabulun kanti muke jiƙa su, mu ƙara jabel, ruwan nan mai warin asibiti da ke sa fari ya yi tas. A baho ɗaya ake wanke kayan kowa, kuma da yake sayen ruwa muke yi, ɗauraya ɗaya ce. Wuyan Nana da bayan gwiwoyinta suka yi ja, tana susa har jini. Likita ya ce ba zai rantse ba, amma a canza sabulu, a ƙara ɗauraya. Na yi duka biyun, fatar ta lafa. Har yau ban san wanne ne ya yi aikin ba, kuma duk wadda ta zo saye nakan gaya mata haka.

Daga nan na je koyon sabulun gida wajen Inna Dije. Aikin farko da ta ba ni shi ne tsintar toka. Tsohuwa ce a unguwar Sabangali, kusa da bakin kogin Chari, iyayenta ne suka zo da sana'ar sabulu daga wajen Najeriya. Ta juye buhu a gabana ta ce in tsince. Na ɗauka tsakuwa ake nema. Ashe ƙonanniyar leda ake nema, da guntun batir, da duk tarkacen da mutanen birni ke jefawa a wuta. Tokar sabulu ta karan gero ce ko na dawa, ko ɓawon gyaɗa, wadda ta ci wuta har ta yi fari. Tokar murhu ba ta da amana. Ga shi gidaje da yawa sun koma gas, tokar ma ta zama abin da ake aikawa ƙauye a kawo. Inna Dije takan ce, "Da can dariya ake yi wa wanda ya ƙona rumbunsa. Yanzu ni a nuna mini gidansa, in je jaje da buhu."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Akwai tukunyar ƙasa mai huda a gindi. A shimfiɗa ciyawa a ciki, a zuba toka, a bi ta da ruwa, ya riƙa ɗiga a hankali. Abin da ya ɗigo shi ne ruwan toka. Akwai rabin gangar ƙarfe da ake dafa shi a ciki har ya ragu ya yi ƙarfi, da doguwar muciya wadda ba ta taɓa shiga tuwo ba. Kitsen daga teburin Sabo yake zuwa. A yayyanka shi, a narkar da shi a wuta kaɗan-kaɗan, a tace, a wanke da ruwan gishiri, in ba haka ba rigar da aka wanke za ta tara ƙudaje a kan igiya. Idan aka haɗa kitse da ruwan toka sai juyi, babu tsayawa, hayaƙi na shiga ido, kafaɗa na ciwo. A ƙarshe a watsa gishiri don ya daskare. Ya sha iska makonni, sannan a gurza shi a haɗa da dakakkiyar kanwa. Wannan shi ne garin wankin da nake sayarwa.

Da gashin kaza Inna Dije take gwada ƙarfin ruwan. A tsoma, a jira, idan gashin ya fara zubewa to ya yi. Ni na so in riƙa aunawa da takardar gwaji irin ta makaranta. Ta ce in yi nawa ita ma ta yi nata, kuma yawanci amsarmu ɗaya ce. Inda ta fi tsananta mini shi ne kiyaye hannu. Ya taɓa ɗigar mini a bayan yatsa ban kula ba. Da fari santsi kawai na ji, kamar mai, sai daga baya wurin ya ɗau zafi ya saɓule. Ta kama hannuna ta dulmiya a randa tana cewa, "Santsin nan da kika ji, ke ce kika fara zama sabulu, 'yar boko."

Matan mahauta ne suka fara saye, sai masu jarirai, sai masu wanki da guga na bakin kogi, waɗanda kullum kukansu garina ba ya kumfa. Gaskiyarsu ce, ba ya yi sosai. Ana shan wuya kafin a fahimtar da mutum cewa ba kumfa ce ke cire datti ba. A iya tunawata ba ni na laƙaba masa "babu sinadari" ba, masu saye ne. Na sha cewa, "Ai toka ma sinadari ce, kanwa ma haka," sai a yi dariya a ce karatu ya yi mini yawa. A wajen mutanenmu toka abin miya ce. Kowace mace ta san ruwan tokar da ake ɗigawa a kuɓewa idan babu kanwa. Kuma abu ne da ba a roƙonsa tsakanin dangi, kamar garwashi ko ɗan gishiri. Ki shiga madafar 'yar'uwarki ki ɗiba. In kun haɗu ki faɗa mata, in ba ku haɗu ba shi ke nan.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Ba zan ce wace shekara ba ce don kada in haɗa damina biyu, amma duk wanda ke N'Djamena ya ga yadda Chari ya cika, wasu unguwanni suka zama tafki. Ko hanyar da kanwa ke biyowa ce ta yanke, ko masu motoci ne suka ƙi zuwa, ban tabbata ba. Kanwa dai ta yi wuyar gani a kasuwanninmu, mata suka koma wa ruwan toka a girki. Tokar da nake samu kuma ta sha danshi, ba ta da ƙarfi. Tukunya bayan tukunya sabulu ya ƙi haɗuwa, kitse na yawo a sama. Sai na koma ga abin da na sani tun a makaranta. Idan aka sa farar ƙasar da magina ke shafe bango da ita, wadda muke kira sho, a cikin ruwan toka, aka bar shi ya kwanta, aka tsiyaye na saman, ƙarfinsa yakan ninka. Na gwada. Gashin kaza bai daɗe a ciki ba ya narke, har sandarsa ta yi laushi. A ido kuwa ba shi da bambanci da na miya, ruwa ne garau mai ɗan ja-ja kamar shayin da bai ji ganye ba.

Rumfar da nake aiki a bayan gida ruwa ya shige ta. Wuri ɗaya ne ya rage mai tudu da rufin kirki, madafa. Na zuba ruwan a jarka, na ɗaure bakin da jan tsumma, na rubuta gargaɗi a jiki da Faransanci da Larabci, na ɗora a can saman kanta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Yara na yi wa tanadi.

A makon ne ƙanwata Hassana ta haihu a Gassi, wata unguwa can gefen gari, haihuwar fari. Mahaifiyarmu ta rasu, don haka Gwaggo Talatu, ƙanwar babanmu, ita ta tare a can tana yi mata wankan jego. Bayan wankan safe da na yamma akwai kunun kanwa, da zafinsa, ƙwarya guda, kuma ba a ƙyale mai jego ta rage.

Ranar na fita da hantsi kai wa wata mai saye gari, na dawo wajen azahar. Surukata Hajiya Kulu, mahaifiyar Sabo, tana kan tabarma tana tsintar shinkafa.

Ta ce, "Maman Nana, kin yi saɓani da Talatu. Ta shigo gari neman kanwa, ta zaga kasuwa har ƙafarta ta kumbura, ba ta samu ba."

"Allah sarki. Ya mai jegon?"

"Lafiya lau, sai ɗan murɗar ciki. Na ce mata ina ke ina wahala, ga ruwan toka jarka guda a madafa. Ni ma na riƙe mata kujera ta hau."

Na tambaye ta wace jarka, ko da yake jarka ɗaya ce a wurin.

"Mai jan tsumma mana. Kwalba ɗaya kawai ta cika, kada ki ce an yi miki ɓarna."

"Hajiya, na sabulu ne."

"To ba toka ba ce? Ai kowa ya san naki babu sinadari."

Na hau kujerar na duba. An kwance tsumman an mayar da shi da kyau. Ruwan ya ragu. Rubutuna yana nan a jiki, amma Gwaggo ba ta karatu, kuma ko tana yi ba na jin mai neman toka a madafar 'yarta za ta tsaya karanta jarka.

Na kira wayar Hassana, a kashe. An daɗe babu wutar lantarki a wajensu. Na kira mijinta, yana kasuwar shanu, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Gwaggo ba ta riƙe waya. Na kira Sabo na ce ya bar teburinsa ya nemi mijin Hassana ko ta halin ƙaƙa, duk wanda ya samu ya ce kada a taɓa kwalbar da Gwaggo ta kawo.

Ya ce, "In an sha me zai faru?"

Na ce ya danganta da yawan da aka zuba, da yawan kunun, da kuma...

"Zuwaira, yau ɗaya dai ki ba ni amsa guda."

"Zai iya ƙona mata maƙogwaro har ciki."

Na ji ƙarar wuƙa a kan katako, sai wayar ta yanke.

Wankan yamma bayan la'asar ake yin sa, kunu kuma bayan wanka. Da wannan na kwantar da hankalin Hajiya, wadda ta ture tiren shinkafa tana salati. A bakin titi motocin Gassi suna nan, amma ba sa tashi sai sun cika, in sun tashi kuma babu lungun da ba sa tsayawa. Na tare kilando, wato mai babur ɗin haya. Na yi masa Larabci ya amsa mini da Hausa, wani dattijo mai furfura a gemu.

"Gassi? Hajiya, Gassi yanzu ai sai kifi."

"Kai ni inda babur zai tsaya."

"Haihuwa ce ko rasuwa?"

"Haihuwa ce, Baba. Ka taimaka ta tsaya a haka."

Sai ya murɗa babur. Ni da ban taɓa barin mai babur ya yi gudu da ni ba, ranar ban ce ya rage ba. Duk hanya tukunyar Gwaggo nake gani. In babbar tukunya ta ɗora ta zuba kaɗan, wataƙila gero da ruwa su cinye ƙarfinsa. In kuma ƙarama ta ɗora, ta mutum ɗaya, to ban sani ba. Kuma na san hannunta da nauyi. A ganinta kunun da bai kama harshe ba bai isa ya wanke cikin mai jego ba.

Babur ya tsaya inda kwalta ta ƙare. Daga nan ruwa ne, ja kamar kunun dawa. Akwai kwalekwale, amma mai shi yana jiran mutane su cika. Na cire takalmi na ɗaure a bakin gyale, na tattare zani na shiga. Ya kai gwiwa, wani wurin cinya, laka na riƙe ƙafa. Gidajen Gassi sababbi ne, katangu iri ɗaya, ƙofofin ƙarfe iri ɗaya. Ni da tulin yashi da wani rami nake gane lungun su Hassana, ga shi duk ruwa ya shanye su. Na shiga lungun da ba shi ba, na fito, na sake shiga wani. Wata mata a kan katanga tana shanya tabarma, na tambaye ta da Larabci gidan Hausawa mahauta da aka yi haihuwa. Ta nuna bayana, ashe na wuce shi. Ba a kira la'asar ba lokacin da na tura ƙofar. Wannan na tabbata da shi, don na yi hamdala a fili.

Matan barka suna zaune a baranda, tsakar gidan duk buhunan yashi. Wata ta ce, "Lale, lale! Zuwaira, ke da ruwa haka kamar an tsamo ki?" Na wuce su kai tsaye. Gwaggo tana tsugune a gefen murhu da moɗa, tana kurkure baki tana tofarwa.

"Gwaggo, ina kwalbar?"

Ta nuna da haɓa. Maganarta ba ta fita sosai. "Ke wace irin toka ce wannan? Na ɗiga a tafin hannu na lasa, kamar an ɗora mini garwashi a harshe."

"Kin zuba a kunu?"

"Kaɗan na sa, da na ji ƙarfinta. Rabin abin da na saba."

"Kunun yana ina?"

"Cikinta ke murɗa tun safe. Na ce ba sai an jira yamma ba."

Hassana tana zaune a bakin gado, jaririya a gefenta, ƙwarya a cinyarta. Kunun ya yi wani launi mai duhu. An sha, amma ba zan iya cewa nawa ba, don ban san inda ya tsaya da fari ba.

Ta ce, "Yaya, gara da kika zo. Ki ce wa Gwaggo ta ƙyale ni. Kunun yau kamar sabulu, cin wuya yake yi. Ta ce in ban shanye ba ɗura za ta yi mini."

Na karɓi ƙwaryar na ajiye a bayan ƙofa. Na kai ta bakin taga na ce ta buɗe baki. Leɓunan sun yi ja, can ciki akwai wuraren da suka yi fari-fari. Na ce ta haɗiyi yawu. Ta haɗiya, amma sai da ta runtse ido.

Da matan suka gane abin da ke faruwa, ɗakin ya cika. Wannan ta ce a kawo man gyaɗa. Waccan ta ce tsamiya, tsami ne ke kashe toka. Mafi yawa suka ce a sa ta amai tun bai zauna ba. Gwaggo ta wanke hannu ta nufo gadon, yatsu biyu a miƙe.

A gidanmu tsokanata ake yi da "wataƙila", saboda yawan faɗinta da nake yi. Amma wannan ɗaya na san shi: abin da ya ƙona hanya lokacin shiga zai sake ƙona ta lokacin fita. Na tsaya tsakanin Gwaggo da gadon.

"Babu mai sa ta amai."

"Ke Zuwaira, ni kike tare wa hanya? Ni na yi wa uwarku wankanki."

"Gwaggo, gobe ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. Yau ba za ki taɓa ta ba."

"A bar guba ta kwana a cikin mai jego?"

"Ƙuna ce, Gwaggo. Wanda ya ratsa wuta ba a ce ya koma ta cikinta."

"Ji min yarinya! Ku janye ta!"

Wata ta kama hannuna tana ja. Jaririya ta farka tana kuka. Hassana na duban Gwaggo tana dubana, kuma na ga alamar za ta bi maganar Gwaggo, don ita ta rene ta. Sai wata murya daga bayan mata, wajen ƙofa, ta ce, "Ita ta dafa abin. Ku bar ta ta faɗi yadda za a yi." Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Wadda ta riƙe ni ta sake ni. Gwaggo ta tsaya da yatsunta a miƙe, sannan ta sauke.

Na hana tsamiyar, na hana man. Na sa Hassana ta kurkure baki da ruwa ta tofar, ta sake, ta sake. Na ce Gwaggo ma ta ci gaba da nata. Da na ambaci asibiti wata rigimar ta tashi. Mai jego ba ta fita, ko suna ba a yi ba, ga ruwa, sanyi zai shige ta ya zauna har tsufa. Ba na jin da zan ci wannan gardamar ni kaɗai. Ana cikin haka Sabo da mijin Hassana suka shigo, wandunansu a naɗe, sun riga sun tsayar da kwalekwale a ƙofa. Mijin bai tsaya jin kowa ba. Ya ce a lulluɓe ta da bargo, ya ɗauke ta da kansa.

A cikin kwalekwalen Gwaggo ta rungume jaririya, ni na riƙe kwalbar da ƙwaryar don likita ya gani. Abin da nake tsoro shi ne wuyan ya kumbura ya toshe numfashi, kuma a iya sanina murya ce ke fara nunawa. Sai na riƙa sa ta magana.

"Kira sunana."

"Yaya Zuwaira."

"Sake."

"Yaya, kin ishe ni."

"Madalla. Sake faɗin haka."

Mai tuƙin ya yi dariya, ya ga babu wanda ya taya shi, ya ƙara ƙarfin sanda.

A asibiti likita ya tambayi abin da ke cikin kwalbar. Na lissafa masa, toka, sho, da yadda na dafa. Ya ce wa ya haɗa, na ce ni. Ya dube ni, ya koma kan aikinsa. Ya leƙa bakinta da fitila, ya ce ta kwana a wurinsu, kada ta ci komai sai ya ce. Washegari ya ce a iya abin da ya gani ƙunar ba ta yi zurfi ba, kunun ya rage mata ƙarfi, kuma ta ci gaba da ba da nono. Bai ce na yi daidai da na hana amai ba, ni ma ban tambaya ba. Amma ya ƙara wata magana wadda ta hana mu sakin jiki. Ya ce irin wannan ƙunar wani lokaci sai ta warke sannan hanyar abinci ta tsuke, bayan makonni. In aka ga tana shaƙewa da abu mai tauri a dawo da ita nan take.

Haka aka yi suna tana shan koko mai sanyi da romo. Na rufe gangar sabulu, na riƙa zuwa Gassi ina zama kusa da ita lokacin cin abinci. Ta fara da fate, ta koma tuwo mai laushi. Kowace loma idona na kan wuyanta, har ta riƙa juya mini baya. Gwaggo ba ta yi mini magana sai ta dole. Ita ce ma ta fi jin jiki, don tsagwaronsa ta lasa. Ta daɗe ba ta jin gishiri, miyarta ba ta ciyuwa, kuma babu wanda ya iya gaya mata.

Dab da arba'in Sabo ya aiko da gasasshen nama da yaji, irin wanda ake ba masu jego. Gwaggo ta ajiye a gaban Hassana, ta zauna a gefe ɗaya, ni a ɗaya. Hassana ta ɗauki tsoka mai ɗan tauri ta tauna, ta haɗiye. Ba ta nemi ruwa ba. Ta ɗauki ta biyu, ta ce, "In kallo kuka zo yi ku biya, in ci za ku yi ku sa hannu." Gwaggo ta tura kwanon gabana ta ce, "Ci, 'yar wataƙila."

Da na koma aiki na sa aka gina mini ɗan ɗaki mai kwaɗo, kuma tun daga ranar duk ruwan tokar da na tace sai na jefa masa bula, shuɗin nan na wanki, tun yana tukunya. Babu macen da za ta zuba shuɗin ruwa a kunu. Garin wankina ya koma shuɗi-shuɗi, wasu masu saye suka ce na fara sa sinadari kamar na kanti, suka daina zuwa. Na yi musu bayani iya yina. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba, ban kuma cire bular ba.

Iyakar abin da na riƙe ke nan, kuma na san ba kowa zai yarda da shi yadda na tsara ba. Gwaggo ta ce ba rabi ta zuba ba, ɗigo ne. Hassana ta ce kurɓa kaɗan ta yi, ni kuwa ƙwaryar da na gani ta yi ƙasa. Hajiya Kulu ta ce ba ta tuna ta riƙe wa kowa kujera ba. Duk wanda ya halarci ranar, a Moursal ko a Gassi, ya ga na ƙara ko na rage, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Musamman ina neman matar da ta yi magana daga bakin ƙofa. Bayana na ba ta, ban ga fuskarta ba, kuma duk wadda na tambaya sai ta ce ba ita ba ce. In tana raye, ko wani ya san ta, don Allah a sanar da ni.